Muryoyin da Aka Ɗauke Ranar Juma'a

Ranar Juma'ar da aka ɗauke kwamfutar Zainulabidin, kafin liman ya gama gaisawa da jama'a a ƙofar masallaci rabin Shagari sun riga sun san ɓarawon. Abin da ya hana a kama shi nan take shi ne kowa da nasa ɓarawon.

Zainulabidin mai ɗaukar hoto ne, gidansa a Bodinga, shagonsa a Shagari cikin wani lungu bayan kasuwa. Hoton biki da na fasfo su ne abincinsa, amma ba don su ya zauna dirshan a ƙofar shago ya dafe kai ba. Shekara da shekaru yana yawo ƙauye-ƙauye da 'yar na'urar ɗaukar murya, yana durƙusawa gaban tsofaffi: masu tarihin kafuwar gari, tsofaffin mata masu waƙar daɓe da ta niƙa, maharba masu kirari, makaɗa. Da yawansu yanzu ƙasa ta rufe musu ido. Muryoyinsu kaf suna cikin kwamfutar nan, kuma ba su da wani mazauni a duniya sai wuri guda, wanda shi ma aka haɗa aka tafi da shi.

Mai Unguwa Muhammad Sani mutum ne da ya san halin mutanensa. Ya hana a taɓa kowa, ya kora taron baya daga bakin ƙofa da sandarsa, ya tura mashin zuwa garin Kajiji a ɗauko Mode.

Mode dattijo ne dogo, baƙi, mai ƙarancin magana, wanda ya gāji bin sawu daga ubansa. Ya bi sawun shanu da na awaki da na raƙumi, ya bi na mutanen da suka kora su, amma bai taɓa bin sawun kwamfuta ba, ya kuwa faɗa wa ɗan aiken haka. Sai da aka ce masa har waƙoƙin marigayi Haliru mai gangar noma suna ciki sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa. Da ƙuruciya ya sha duƙawa a gayya ganga na tashi a bayansa, kuma hannun Haliru ne ke kaɗa ta.

*

Ya iso bayan la'asar. Bai kalli ƙasa ba tukuna, ya zauna kusa da mai shago ya ce a gaya masa abin da ya ɓata, da girmansa da nauyinsa, yadda ake gaya masa kamannin saniya.

Zainulabidin ya bayyana masa da murya a dushe. A cikin kowace kwamfuta akwai wani faifai da take ajiye duk abin da ta sani. Shi ya sayi wani faifan irinsa, a cikin 'yar baƙar kwalliya da ba ta fi tafin hannu ba, ya mai da shi ɗan tagwayen na cikin. Ba tsinto wannan a bar wancan yake yi ba. Komai da komai ake juyewa, har yadda kwamfutar ke buɗe ido da safe. In ta mutu yau, aka sa ƙaramin a cikin wata, sai ta farka ita ce sak. Na cikin yake kira Hassan, na wajen Husaini. Husaini a Bodinga yake kwana, cikin akwatin ƙarfe, don kada wuta ko ɓarawo su same su tare. Ran Juma'a kaɗai yake kawo shi Shagari, ya haɗa su da waya kafin ya tafi masallaci, ya bar ƙofa a sāye don iska, ya dawo ya tarar Husaini ya koyi duk abin da Hassan ya ji a wannan makon.

Mode ya buɗe tafin hannunsa ya zuba masa ido. Ya tambaya ko mutum nawa ne a ciki, aka ce masa sun fi a ƙirga a zaune.

“Da muryassu? Da numfashinsu?”

“Har tarin da suka yi, Baba.”

Mode ya yi tasbihi a hankali. Shi da ya san sawu kwana biyu yake yi iska ta share shi, abin ya girgiza shi ƙwarai.

Sai Zainulabidin ya faɗi abin da ya fi ci masa rai. Ko an gano kayan, in dai an fizge wayar kafin aikin ya kammala, to Husaini ya zubar da na da, bai gama ɗaukar na yanzu ba. Wofi ke nan.

*

Ƙofar shagon kuwa jama'a sun yi mata abin da suka saba. Duk wanda ya zo jaje sai da ya tattaka wurin, wasu ma sau biyu, don su tabbatar da idonsu cewa kwamfutar ba ta nan. Mode ya zagaya yana ƙwafa. A gefen dama na dokin ƙofa, inda bango ya hana mutane tsayawa, ya ga wani ɗan wuri da ƙafa ba ta taɓa ba. Ya tsuguna ya daɗe, amma rana ta faɗa bayan ginin, inuwa ta shafe komai. Ya aro wata babbar ƙwarya wurin mai fura ya kife a wurin, ya ɗora dutse, ya ce duk wanda ya ɗaga ta shi ne ɓarawon. Tun daga lokacin har akuya mutane suka riƙa kora daga lungun.

Masu shawara kuwa ba su ƙare ba, kuma a kan abu ɗaya bakinsu ya zo daidai. Rana ɗaya tak a mako Hassan da Husaini ke haɗuwa, ita ce kuma aka zaɓa, saboda haka ɓarawon ya san sirrin. Mutum biyu ne suka sani ban da mai shago, kuma dukansu ba wanda ya gan su a sahun sallar Juma'a.

Na farko shi ne Maniru, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Shi ya koya wa Zainulabidin haɗa tagwayen tun farko, kuma kowa ya san ya sha roƙon a ba shi waƙoƙin Haliru ya riƙa tura wa mutane a waya, ana hana shi. Mode ya same shi ya rufe shago rabi, ya yi zuru-zuru. Maniru ya rantse ya yi Juma'a, sai dai a ɗaya masallacin na bayan tasha, wanda maƙwabtansa ba sa zuwa, ba sa kuma son a ce ana zuwa. Ya ƙara da cewa da shi ne, da ba zai taɓa waya ana cikin aiki ba, ko da wuƙa a wuyansa. Mode ya kalli takalminsa sau ciki, ya kalli yadda yake jefa ƙafa waje in yana tafiya, ya yi masa sallama.

Na biyu shi ne Bashar, ɗan kabu-kabun da ke ɗauko Zainulabidin daga Bodinga duk Juma'a da jakar a tsakaninsu. Shi tun kafin azahar ya ɓace daga Shagari, wanda a wurin masu shawara ya isa hujja har da saura. Mode ya bi Zainulabidin Bodinga a mota, suka isa rana na ja, suka tarar da Bashar a ƙofar gida yana karɓar barka. Matar wansa ce naƙuda ta kama, aka kira shi, ya kai ta asibiti, unguwa guda ta shaida. Da ya ji abin da ake faɗa a kansa a Shagari sai idonsa ya kawo ruwa. Mode ya bar shi ya huce, ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ya san wani mai jin haushin Zainulabidin. Bashar ya ce babu, ai mutumin da bai iya cewa a'a ba ba ya tara maƙiya.

“Kowa yaz zo mishi da buƙata sai shi ce to, in sha Allahu. Ko za ya yi, ko ba ya yi, to ɗin dai ɗaya ta.”

Mode ya kwana a zauren Zainulabidin. An kawo tuwo, mai gidan bai kai loma ba.

*

Da sassafe suka koma Shagari, Mode ya ɗaga ƙwarya daidai lokacin da hasken rana ke kwance a ƙasa, kowane ɗan rami ya yi inuwarsa.

Sawun silifa ne guda biyu, ƙanana, a jere kafaɗa da kafaɗa, hancinsu na kallon bango. Ba su nutse ba ko kaɗan, don ba kowa a cikinsu lokacin da suka zauna a wurin. Kusa da su ga tafin ƙafar hagu tsirara ya nutse shi kaɗai, alamar ta dama ce ta fara shiga. Ga kuma inda aka dawo aka zura takalman, a nan sawun ya fi na zuwa nauyi kaɗan.

Mode ya daɗe a tsugune. A iya rayuwarsa ya ga ɓarawon da ya ɗaura tsumma a ƙafa, ya ga wanda ya yi tafiya da baya, ya ga wanda ya sa wa saniya takalmi. Bai taɓa ganin wanda ya zo sata ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya gyara musu zama, ya shiga da ƙafar dama ba. Wannan ladabin ba don shagon hoto aka yi shi ba. Wanda ya shiga nan yana ganin akwai wani babba a ciki.

Ya ce Zainulabidin ya jira shi wurin Mai Unguwa, ya kama bin bango shi kaɗai. A tsakiyar hanya sawun ya ɓace ƙarƙashin ƙafafun jama'a, amma mai shi ba mai son tsakiyar hanya ba ne. Jikin katanga yake bi, nan ya ɓulla, can ya ɓulla. Taku gajere ne, a miƙe kamar an ja zare, ba ya karkata dama ko hagu. Wanda ya rungumo kaya a hammata dole gefe guda ya fi nutsewa. Wannan a ka aka ɗauka, kuma wuyan da ya ɗauka ya saba da tulu tun kafin a haifi Zainulabidin. Tsohuwa ce.

A wata kusurwa kusa da masallaci ya sami abin da yake nema. Sawun zuwanta ya hau kan na wasu masu dogon taku, 'yan makara da ke gudun kada raka'a ta wuce su, na komawarta kuma taron masu fitowa ya hau kansa.

Daga nan sawun ya fita bayan gari, ya bi gefen gonakin albasa inda ake ta cira ana tarawa, ya ratsa wata busasshiyar ƙorama. A wuri guda ta tsaya ta huta a tsaye, ba ta sauke kayan ƙasa ba. Ya kai shi wani ɗan ƙauye mai gida kaɗan, ya zagaya bayan wani gida mai dangar kara. A gindin wata magarya ƙasa ta yi danshi, da'ira guda, an kuma yanko ƙaya an rufe wurin don kada ƙafar mutum ko ta dabba ta taka. Mode ya san irin wurin nan, kowa ma ya sani. Haka ake yi wa ruwan da aka wanke allo da shi.

Ya tambayi wani mai jaki gidan wane ne, aka ce masa gidan marigayi Haliru mai ganga. Ya gyara hularsa, ya je ƙofa ya yi sallama.

*

Bayan azahar zauren Mai Unguwa ya cika har waje. Ga Maniru, ga Bashar da aka ɗauko daga Bodinga, an bar musu fili a tsakiya kamar masu ciwon da ake ɗauka. Ga Zainulabidin a rakuɓe. Mode ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce Allah shi ba Mai Unguwa nasara, mutanen nan biyu a sallame su da ban haƙuri, don ƙafarsu ba ta je wurin ba. Ya ce an yi ta cewa wanda ya ɗauki kayan ya san ranar haɗuwar tagwaye, alhali bai ma san akwai tagwaye ba. Juma'a aka zaɓa don maza na masallaci, don kuma rana ce mai albarka, wanda ya zaɓe ta a ganinsa aikin lada ya fito yi. Ya ba su labarin takalman. Masu shawarar jiya kowa ya shiga gyaran hula.

Sai ga ta ta shigo, 'yar tsohuwa siririya da ƙunshin farin zane a ka. Inna Balaraba ce, matar Haliru, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta durƙusa, ta sauke ƙunshin a gaban Mai Unguwa da hannu biyu.

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi rawar murya ba. Ta ce a ciwonsa na ƙarshe Malam, haka take kiran mijinta, ba zafin jiki ne ya hana shi barci ba, zambo ne. Waƙar noma yabo ce ga jarumi, amma rabinta zambo ne ga raggo, kuma shi sunan mutum yake kamawa da na ubansa. Waɗanda ya yi wa sun mutu, ba halin neman gafararsu, ga jikokinsu har yau ana tsokanarsu da baitin. Ya ce mata muddin muryarsa na maimaita abin nan a duniya, ana ci gaba da rubuta masa zunubi. Ya kama hannunta ya ce ta je wurin yaron nan na Bodinga da ya ɗauke shi a na'ura, a shafe.

“Na zo wurinka, ɗana. Na aiko, na kuma zo da ƙahwata. Mi kac ce min?”

Zainulabidin ya sunkuyar da kai. Da ƙyar aka ji shi. “Na ce to, Inna.”

“Kac ce to. Sai nij ji ranak kasuwa muryatai na tashi cikin shagonka.”

Ta ce ita ba sata ta yi ba, aro ta yi. Abin da aka rubuta aka ga bai kamata ya zauna ba, wanke shi ake yi. Ta buɗe abin a cikin daro, ta yi bisimilla, ta wanke shi ciki da waje da ruwa mai tsabta, ta bar shi ya jiƙu, ta shanya, da niyyar in ya bushe ta mayar wa mai shi ya ci gaba da rubutunsa.

Wani a baya ya fara dariya, bai sami abokin yi ba, ya haɗiye abarsa. Maniru ya matso ya kwance ƙunshin, ya ɗaga kwamfutar, ruwa ya ɗigo daga gefenta. Ya kwance bayanta da sukudireba, ya ciro faifan ciki ya gwada a na'urarsa, ya kara a kunne, ya girgiza kai. Hassan ya tafi.

Mai Unguwa ya tambaye ta a hankali ko ta san ba mijinta kaɗai ne a ciki ba. Ya fara ambata mata sunaye, tsofaffin da ta sani, har da wata ƙawarta mai waƙar daɓe da ta rasu bara. Inna Balaraba ta ɗago kai ta kalle shi, ta kalli kwamfutar, ta dafe ƙirji. Ita allo ta sani, kuma allo darasi ɗaya yake ɗauka. Ta shiga salati, abin ya ba kowa tausayi.

Mode ya ce mata ta fito da ɗayan. Ta kwance bakin zanenta ta ciro 'yar baƙar aba da wayarta a naɗe, a bushe ƙamas. Ta ce wannan ai cajarsa ce, ko ita ta san ba a sa wa caja ruwa, a cikin kwanon sha ta kife ta.

Zainulabidin ya karɓa da hannu biyu. Ya juya ya tambayi Mode da ido ko yaushe aka fizge wayar. Mode ya ce ta shiga shagon bayan 'yan makara sun wuce, ta fita kafin a sallame. Iyakar abin da ƙasa ta gaya masa ke nan. Zainulabidin ya ce aikin yakan ƙare ne wajen lokacin da ake tayar da iƙama, wani lokaci kafin, wani lokaci bayan.

Maniru ya ruga shagonsa ya dawo da wata kwamfuta irin waccan. Mutumin da jiya ake shirin yi wa dukan kawo wuƙa shi ne yau zaure guda ya zuba wa hannunsa ido. Ya ɓare kwalliyar, ya ciro Husaini, ya sa shi a gurbin da faifan kwamfutarsa yake, ya ɗaure, ya danna.

Gilashin ya yi baƙi ya daɗe. Mode ya ji yana addu'a ba tare da ya yi niyya ba. Sai haske ya kawo, sai ga hoton fadamar Shagari da Zainulabidin ya saba gani kullum da safe, ga komai a inda ya bar shi, har hoton amaryar da bai gama gyarawa ba ran Alhamis. Wadda aka wanke tana nan kwance a kan zane tana ɗiga, ga ta kuma a nan ta buɗe ido a jikin wata. Kabbara ta tashi a zauren a hankali, irin ta mutanen da tsoro da murna suka haɗe musu. Zainulabidin ya kifa goshinsa a ƙasa.

Mai Unguwa ya ce a gwada a ji ko muryoyin na nan. Hannun Zainulabidin ya tafi inda ya saba zuwa, bai yi tunani ba sai da ganga ta tashi.

Mode ya taɓa jin rediyo, ya taɓa jin waya, amma wannan daban ne. Ga gyaran muryar da Haliru ke yi kafin ya ɗauki waƙa, ga 'yar dariyarsa, ga kaza na kuka a tsakar gidan da shi Mode ya shiga ɗazu da safe. Mutumin da aka yi wa wanka aka kai aka rufe, ga shi yana numfashi a tsakiyar zaure. Tsohon ya yi ta jero jaruman gayyar da, ƙauye bayan ƙauye, sai kawai ya ce:

*Mode na Kajiji, baƙin sa mai ja gaba,*
*Rana ta gaji ta koma gida,*
*Kai kana nan duƙe.*

Kawuna suka juyo. Mode bai san an ajiye wannan ba, bai ma san Haliru ya riƙe sunansa har tsufa ba. Ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ji ƙarfin da ya bar kafaɗunsa tuntuni. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu, bai share ba.

Zainulabidin ya tuna da wadda ke zaune, ya kai hannu zai kashe.

“Bar shi,” in ji Inna Balaraba. Idonta a rufe yake. “Bar shi shi kai ƙarshe.”

Aka bar shi. Bayan yabo zambo ya biyo, da suna da sunan uba, mai daɗi, mai dafi, har wani magidanci a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai ya sulale ya fita. Kowa ya gan shi. Ganga ta yi ƙasa ta tsaya.

Mai Unguwa ya ce shi ba zai yi hukunci a kan wannan ba, kaya na Zainulabidin ne, murya ta Haliru ce, wasiyya kuma an ji ta. Maniru ya matso kunnen Zainulabidin, amma Mode na kusa, ya ji. Cewa ya yi a lallashe ta zuwa gobe, shi yana da sabon faifai, a fara yi wa Husaini nasa ɗan tagwayen a ɓoye, sannan a shafe a gabanta. Ba za ta taɓa sani ba. Mode ya ji zuciyarsa ta karkata ga shawarar nan, ƙwarai kuwa. Ya riƙe bakinsa.

Zainulabidin ya daɗe yana kallon gilashin. Waƙoƙin nan su ne abin da ya fi so a duk abin da ya tara, kowa ya sani.

“Za mu yi sabon ɗan tagwai yau ɗin ga,” ya ce, “amma sai bayan an shahe. Na riga na ce mata to sau ɗaya.”

Ya tattara duk abin da ke da sunan Haliru wuri guda. Ya matsar da kwamfutar gaban tsohuwar, ya nuna mata maɓallin, ya ce wannan karon ba sai da ruwa ba, kuma ba zai taɓa na kowa ba. Ta goge yatsanta a zane, ta yi bisimilla, ta danna. Ya sake shiga wani wuri ya ce ta ƙara dannawa, don kada a iya dawo da shi. Ta ƙara.

“Ya tahi?”

“Ya tahi, Inna.”

“Allah shi jiƙan ka, Malam,” ta ce. “Ka huta.” Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kukan da ta riƙe ya ƙwace mata.

Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya. Zainulabidin na zaune inda yake, ya sami duk abin da ya ɓata masa ban da abin da ya fi so. Mode ya miƙe da ƙyar, ya je gabansa ya tsuguna, ya miƙa masa hannu ya yi masa gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Zainulabidin ya riƙe hannun bai saki ba, ya ɗago jajayen idanunsa ya kalli dattijon.

“Baba,” ya ce, “ya namu haƙuri?”